YADDA CIWON SUKARI KE CIN ƘODA

 Yau maganarmu a kan ƙoda ce, da yadda ciwon sukari ya ke cinta a ɓoye. Muna yin ta musamman domin mutanen ƙasar Gobir, na Sabon Birni da Isa, da Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle, da Turba da Bafarawa, da duk masu zuwa ɗakin shan magani a ƙauyukan da ke gefen Gulbin Rima. In kana da ciwon sukari, ko kuwa akwai mai shi a gidanku, to, ka zauna ka karanta wannan a tsanake. In ka gama, ka karanta wa wanda bai iya ba.

Da can a kan ce ciwon sukari na mutanen birni ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun auna Fulanin birnin Sakkwato da na karkara, suka buga abin da suka gani a 2011 da 2013. A birni sun sami kusan mutum 5 cikin 100 da ciwon, a karkara kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Amma ku lura, duk jini ɗaya ne, zama ne ya bambanta. Yau shayi mai zaƙi da lemon kwalba da babur sun shiga kowane ƙauye, ciwon kuma yana biye da su. Cikin masu ciwon sukari 3 kuwa, wajen 1 ya kan sami taɓuwar ƙoda. Shi ya sa ya kamata ku san yadda abin ya ke faruwa.

AIKIN ƘODA

Kowa ya ga ƙodar rago ran Layya. Ta mutum ma haka ta ke, guda 2, kowace kamar dunƙulen hannu, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu tace jini. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai wajen miliyan 1, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita a ke ganinsu.

Kowane mataci ɗan ƙulli ne na jijiyoyin jini, kamar zare da aka dunƙule. Yana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Jini ya shiga, ruwansa ya tsatso ta bangon jijiya, ya gangara cikin wani ɗan bututu. Ruwan da ƙoda ke tacewa haka a yini da kwana ya kai lita 180, watau cikin garwar kananzir 10. Amma fitsarin da mutum ke yi bai fi lita ɗaya da rabi ba. Ina sauran? Ɗan bututun nan ne ya ke mai da shi cikin jini, tare da gishiri da sukari da sauran abin amfani. Datti kaɗai a ke bari ya wuce.

Bangon matacin hawa 3 ne. Na ciki shimfiɗa ce mai 'yan tagogi. Na tsakiya wani ɗan mayafi ne marar kauri, saƙaƙƙe kamar ƙyallen tatar koko. Na waje kuwa waɗansu ƙwayoyi ne masu yatsu, sun rungume jijiya, yatsun wannan sun sarƙe da na wancan kamar yadda ka ke sarƙe yatsun hannuwanka. Ruwa da gishiri da datti su kan bi ta tsakanin yatsun. Amma akwai abin da ba a bari ya wuce, shi ne furotin, watau abin da a ke gina jiki da shi. Wanda ya fi yawa a jini sunansa albumin, kamanninsa ɗaya da farin ƙwai. Ku riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

INDA SUKARI YA SHIGO

Tuwo da fura da shinkafa da rogo, duk in sun narke a ciki sukari su ke zama, su shiga jini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Mai ciwon sukari, ko insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko kuwa jikinsa ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya taru a jini ya rasa wurin zuwa. In ya yi yawa ainun, ɗan bututu ya kan kasa mai da shi duka, sai ya tsallake cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi. Dalilin yawan fitsari da ƙishirwa ke nan, da kiyashin da ke taruwa inda mai ciwon ya tsuguna.

To, jinin nan mai zaƙi yana ratsa ƙoda dare da rana, wajen lita 1 kowane minti. Ta hanya 3 ya ke yi mata ɓarna.

ƁARNA TA FARKO: MATSI

A can gaba cikin ɗan bututu akwai waɗansu ƙwayoyi masu gadi. Aikinsu ɗanɗana gishirin da ke cikin ruwan da ya iso gare su. In gishiri ya yi yawa, sai su ce tacewa ta yi yawa, su tsuke ƙofar shiga. In ya yi kaɗan, sai su buɗe ta.

Ga yadda sukari ke ruɗinsu. A farkon bututu akwai wata 'yar ƙofa da ke mai da sukari cikin jini, ba ta kuwa ɗaukar sukari sai tare da gishiri. In sukari ya yi yawa, sai ta yi ta kwasa, gishiri ma ya bi. Ruwa ya isa wurin masu gadi salam. Su kuwa su zaci aiki ya tsaya, sai su wangale ƙofar shiga. A lokacin nan kuma wani sinadari mai suna anjiyotensin yana tsuke ƙofar fita.

Manomin fadama ya san ƙarshen wannan. In ka buɗe wa fangali ruwa da yawa, ka kuma toshe mafita, ai gefen fangali ne zai sha wuya, yau tsattsagewa gobe ɓallewa. Haka matsi ke hawa cikin mataci. Da fari ƙoda har girma ta ke ƙarawa, tana tace fiye da ƙa'ida, mai ita kuwa yana jin garau. In kuma akwai hawan jini a kai, to, an ƙara wa Barno dawaki.

ƁARNA TA BIYU: SUKARI YA MANNE

Kun ga yadda nama ke yin ja a bakin wutar mai tsire, da yadda bayan burodi ke yin ja a tanda. A 1912 wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana dalili. Ya nuna sukari ya kan kama furotin ya manne masa, su rikiɗe su zama wani abu dabam. Wuta tana gama wannan cikin mintoci. Ɗumin jikin mutum ma yana yinsa, amma a hankali, cikin makonni da watanni.

Da fari mannewar ta kan saki in sukari ya sauka. In aka daɗe kuwa, sai ta zama ta dindindin. Zaren mayafin nan na tsakiya ya riƙa ɗaurewa da juna, ya yi tauri kamar fatar da ta bushe ba a jeme ta ba. Jiki kuma ya kasa warware tsohon zare don ya sa sabo, sai ya yi ta jibga sabo a kan tsoho. Mayafi ya yi kauri. Za ka zaci mai kauri ya fi tacewa. A'a, saƙarsa ta riga ta lalace, abin da ya kamata ya tsare shi ne ke wucewa.

Har wa yau, ƙwayoyin ƙoda suna da wata kafa da ke jin furotin ɗin nan da sukari ya ɓata. Da sun ji shi sai su ɗauka abokin gaba ne ya shigo, su yi kururuwa, dakarun jini su taru. Faɗa ya kaure a cikin gida, ba kuwa maharin da za a kora.

Wannan mannewa tana da amfani guda ɗaya ga likita. Sukari yana manne wa jan jini ma. A 1968 wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, ya gano haka a jinin masu ciwon sukari. Da ya ke ƙwayar jan jini ta kan yi kwana wajen 120 kafin ta mutu, in aka auna sukarin da ya manne mata, sai a san yadda ka zauna wata 3 da suka wuce. Wannan awo shi a ke rubutawa HbA1c. Ba a yi masa wayo da ƙin cin abinci ran zuwa asibiti.

ƁARNA TA UKU: TARTSATSI DA TABO

Tsoka tana iya rufe ƙofa in sukari ya ishe ta. Ƙwayoyin mataci ba su iyawa. Gwargwadon yawansa a jini, gwargwadon shigarsa cikinsu. Cikin kowace ƙwaya kuwa akwai 'yan murahu inda a ke ƙona sukari a sami ƙarfi. In maƙeri ya cika gawayi ya matsa zugazugi, tartsatsi ya kan tashi ya ƙona masa riga. Haka murahun nan in abin ƙonawa ya fi ƙarfinsu, su kan fid da wani irin tartsatsi mai ƙona abin da ya taɓa a cikin ƙwaya. A 2001 wani likita na Amurka, Michael Brownlee, ya kawo bayanin cewa tartsatsin nan ne ke kunna yawancin hanyoyin ɓarnar ciwon sukari, a ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa.

In jiki ya ji ƙuna, tabo ya ke yi. Tabo a fata rufin asiri ne, amma tabo ba ya tace jini. Tsakanin jijiyoyin mataci akwai waɗansu ƙwayoyi da ke tallafe da su kamar ginshiƙi. In matsi da mannewa da tartsatsi suka dame su, sai su yi ta zub da kayan tabo, har su matse jijiyoyin da su ke tallafe da su. A 1936 likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Paul Kimmelstiel da Clifford Wilson, suka duba ƙodar waɗansu masu ciwon sukari da suka rasu, suka ga tabon ya dunƙule ƙulli-ƙulli a cikin matatai. Har yanzu da sunansu a ke kiran ƙullutun nan.

Ƙwayoyi masu yatsu su ma suna shan wuya. Yatsunsu su baje, waɗansu su saki jijiya su bi fitsari. Wadda ta faɗi kuwa da wuya a sami madadinta. Inda ta bari ya zama kafa, albumin ya sami hanya. Shi kuma albumin in ya malala cikin ɗan bututu, sai ya ƙona shi, nan ma tabo ya fito.

DON ME BA A JIN CIWO?

A ce jaki 10 ke ɗaukar hatsinka zuwa kasuwa. Uku suka mutu, ka ɗora kayansu a kan 7. Kaya za su isa kasuwa, mai saye ba zai san kome ba. Amma 7 ɗin nan za su fi saurin gajiya. Haka matatai su ke. In waɗansu suka toshe, sauran su ɗauki aikinsu, matsi ya ƙaru a kansu, su ma su bi sahu. Mutum ya kan rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji kome ba. Abin ya kan ɗauki shekara 10 zuwa 20.

Kada kuma ku jira ciwon baya. Yawancin ciwon baya na ƙashi ne da tsoka, wannan cuta kuwa ba ta sa shi. Gara ce a cikin azara, waje lafiya lau, ciki ya zama gari.

Alamun da ido ke gani daga baya su ke zuwa. Fitsari ya riƙa kumfa wadda ba ta kwantawa da wuri, kamar an kaɗa farin ƙwai. Ƙafafu su kumbura da yamma, fuska da safe. Sa'an nan kasala, da ƙarancin jini, da ƙaiƙayi, da tashin zuciya, da shaƙuwa. Akwai kuma wata alama mai yaudara. Ƙoda tana taimakawa wajen kawar da insulin da waɗansu magunguna daga jini. In ta raunana sai su daɗe a jiki, sukari ya riƙa sauka da kansa, mutum ya yi murna ya ce ya warke. Wannan ba warkewa ba ce, maza a ga likita.

In ƙoda ta tsaya sarai, sai wankin ƙoda da na'ura, sau 2 ko 3 kowane mako, kowane zama wajen awa 4, ko kuwa dashen wata ƙodar. Ba a yin waɗannan a ɗakin shan magani, sai manyan asibitoci irin na Sakkwato da Kano. Ku kun fi kowa sanin nisan Sakkwato, ko ta Goronyo ko ta dajin Gundumi, kun kuma san halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyin nan. Ku lissafa kuɗin mota, da na wanki, da na mai jinya, kowane mako har iyakar rai. Gona nawa za a sayar?

AKWAI DABARA

Amfanin sanin hanyar ɓarawo shi ne a tare ta. Tun ƙoda ba ta yi nisa ba, 'yan ɗigon albumin su kan fara fita a fitsari, ido ba ya ganinsu, amma awo yana kama su. A 1984 wani likita na ƙasar Danmak, Carl Erik Mogensen, ya nuna wannan ɗan ɗigo gargaɗi ne na abin da ke tafe shekaru masu zuwa. A wannan mataki ana iya tsai da ɓarna, wani lokaci ma ɗigon ya ɗauke.

Sauke sukari yana rage mannewa da tartsatsi. A 1993 aka gama wani babban gwaji a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441. Waɗanda aka tsare sukarinsu sosai, fitar furotin mai yawa a fitsari ta ragu musu da fiye da rabi. Da aka ci gaba da binsu shekaru bayan haka, aka ga amfanin tsarewar farko bai gushe ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Akwai kuma magungunan da ke sassauta ƙofar fita. Na farkonsu, kaftofiril, daga nazarin dafin wani macijin ƙasar Burazil aka samo dabararsa. A 1993 aka nuna yana rage lalacewar ƙodar masu ciwon sukari. Lisinofiril da losatan duk aikinsu ke nan. In likita ya ba ka ɗayansu alhali jininka bai hau sosai ba, kada ka yi mamaki, ƙodarka ya ke tsarewa. Amma mace mai ciki ba ta shansu.

Sa'an nan ga sababbi, masu rufe 'yar ƙofar nan da ke kwasar sukari da gishiri. In ta rufu, gishiri ya isa wurin masu gadi, su farga, su tsuke ƙofar shiga, matsi ya sauka. A gwajin da aka buga a 2019, ɗaya daga cikinsu ya rage hatsarin tsayawar ƙoda da wajen kashi 30 cikin 100. Suna da tsada, ba kuma kowa ya dace da su ba. Likita ne zai zaɓa, kada ka saya da ka.

ABIN DA ZA KA YI

1. In an ce kana da ciwon sukari, ka nemi a auna maka albumin a fitsari, da aikin ƙoda a jini. Babban mutum ya yi tun ran da aka gano ciwon, don sau da yawa ya daɗe a jiki kafin a gane. Daga nan sai kowace shekara. In ɗakin shan maganinku ba shi da kayan awon, malamin asibiti ya rubuta maka takarda zuwa babban asibitin Isa ko na Sabon Birni.

2. A auna jininka duk zuwan da ka yi. Abin da a ke so kada ya wuce 130 bisa 80.

3. Ka sha maganinka kullum, ko kana jin garau. Wannan ciwo lallaɓa shi a ke yi, ba a kashe shi da kwalba ɗaya.

4. Uwargida, ki rage gishiri. Abin da ya ishi babban mutum a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi 1 ba. Dunƙulen miya da kanwa su ma lissafinsu ɗaya da gishiri.

5. A bar sukari a shayi da fura da kunu. Zuma da rake da mazarƙwaila duk sukari ne. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye. A bar taba.

6. Ku yi hankali da ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, irin su dikulofenak da ibufurofen. Suna rage jinin da ke shiga mataci. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Duk abin da ka haɗiya, ƙoda ce za ta yi fama da shi.

7. Lokacin bazara ka sha ruwa isasshe. In amai da gudawa suka kama ka, ka je ɗakin shan magani ran nan, ka faɗi magungunan da ka ke sha, don akwai waɗanda a ke dakatarwa sai an warke.

8. Kafin azumi ka shawarci likita. Wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, azumi cikin zafin nan yana iya ƙarasa ta, addini kuwa ya yi wa marar lafiya sauƙi.

9. Katinka na asibiti ya zauna tare da kai. In tafiya ko gudun hijira ta kai ka Maraɗi ko Madawa ko Gidan Rumji, ka nuna shi a can, kada magani ya yanke. Ka kuma sani lissafinsu dabam ne. Sukarin safe kafin a karya, wanda a Nijeriya a ke rubutawa 7 ko 126, a Nijar 1,26 za ka gani. Duk abu ɗaya ne, shi ne iyakar da a ke cewa ciwon ya kama.

Jama'a, matacin da ya toshe ba ya sake buɗewa, amma wanda ya rage ana iya tsare shi shekara da shekaru.  Ran da za ka koma karɓar magani, ka ce wa malamin asibiti, "Malam, a duba mini ƙodata." Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.